Buhu Biyu a Kwarin Shisha

Bayan la'asar aka ɗora wa Wada aikin. Buhu biyu ne, zai kai su maƙabarta a kan jakin ɗiban ruwa, ya dawo da jakin kafin rana ta faɗi. Mu'allim, shugaban leburorinsu, ya ce aikin bai kai a tsaya ana jayayya a kansa ba.

A shekarar 1965 ne, lokacin da ake fasa duwatsu a bayan unguwar Shisha ta Makka ana fitar da wata hanya. Wada mutumin Haɗeja ne. Da ƙafa ya zo Makka shi da matarsa Yalwa, ta Chadi da Sudan, shekara shida suna hanya. Suka sauke farali, suka kama wani ɗakin kwano da katako a unguwar Hindawiyya, suka zauna. Ba shi da igama, takardar da ke ba baƙo izinin zama. Saboda haka duk aikin da kowa ya ƙi, shi ake miƙa wa. In ya buɗe baki, sai a tambaye shi ina takardarsa.

Abin da ke cikin buhunan kuwa, da hantsi aka same shi.

Digar Wada ce ta bugi wani faffaɗan dutse a gindin wani busasshen itacen ƙaya. Su huɗu suka ɗaga shi. A ƙarƙashi sai ga ƙwarangwal biyu cikin rami ɗaya, suna fuskantar juna, goshi kusa da goshi. Ɗaya dogo, ɗaya gajere. A ƙafar gajeren akwai munduwar azurfa da ta yi baƙi ƙirin, da 'yan ƙararrawa a jikinta. Hannayensu a sarƙe suke, yatsa cikin yatsa.

Leburori suka ja da baya suna salati.

Can sai ga wata tsohuwa Balarabiyar ƙauye ta gangaro daga dutse da awakinta, fuska a rufe, idanu kaɗai a waje. Ta leƙa ramin, ta ɗora hannu a ka, ta shiga zuba magana da sauri. Larabcin Wada na kasuwa ne, bai kama komai ba. Issoufou, abokin aikinsa mutumin Damagaram, shi ya fassara masa.

"Wai su ne. Waɗannan da ake wasan kwaikwayonsu a rediyon Masar. Ta ce tun kakanninta an san a kwarin nan aka rufe su, wurin ne dai ya ɓace wa mutane."

Wada ya ja tsaki. Ya san wasan, ya gaji da shi ma. Kowace Alhamis Yalwa sai ta tsallaka gidan maƙwabciyarsu Shatu mai rediyo, ta dawo idanu jajur, miya babu gishiri, ta zaunar da shi ta ba shi labari tun daga farko. Wai wani saurayi ne mai jan raƙuman alhazai, da 'yar mai rijiyar da ayari ke yada zango. Suka so juna. 'Yan'uwanta suka tare shi a bakin rijiyar suka kashe. Ita kuma ta kwanta a kan gawarsa ta ƙi tashi, rana ta uku aka tarar ta cika. Aka yi aka yi a raba su, aka kasa, dole aka rufe su tare. Ko sunayensu Wada bai taɓa riƙewa ba.

Mu'allim ya kori tsohuwar da awakinta. Ya ce tatsuniyar rediyo ba za ta tsayar masa da aiki ba, gobe katafila za ta bi ta wurin. A kwashe ƙasusuwan, na namiji daban, na mace daban, don ba wanda ya san ko da aure a tsakaninsu.

Yamalawan da ke cikin leburorin suka ce su ba za su taɓa ba. Issoufou ya ce cikinsa na ciwo, ya zagaya bayan dutse bai dawo ba sai da aka gama.

"Ya Wada," in ji Mu'allim. "Yalla, shiga."

Wada ya shiga ramin. Ƙasusuwan ba su ba shi wahala ba, sun yi sakayau kamar busasshen kara. Hannayen ne suka gagara. Ya ja a hankali, suka ƙi. Ya girgiza, suka ƙi. Rana na dukan ƙeyarsa, Mu'allim na tsaye a kansa yana duba agogo. Sai ya sa hannun hagu ya riƙa ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe, ƙaramin yatsan macen, ya karye. Ƙas.

Ya nemi gafarar Ubangiji, ya jefa shi cikin buhun simintin da ya zuba ƙasusuwanta, ya ɗaure baki.

To, shi ne ga shi yanzu a hanya, jaki a gaba, shi a baya da 'yar sanda.

Maƙabartar da aka ce ya kai su ƙarama ce, a bayan gari, tafiyar kamar rabin sa'a ta cikin wani kwari mai tsakuwa. Ba gida ko ɗaya a tsakani. Ya rataya buhu ɗaya a dama, ɗaya a hagu, don nauyi ya daidaita. Ba su yi nisa ba ya ga na hagu ya hauro gadon bayan jakin ya jingina da na dama.

Ya tsayar da jaki, ya gyara, ya ƙara ƙulli.

Suka ɗan taɓa tafiya. Ya ɗaga kai, sun sake haɗuwa.

"Wai wace irin igiya ce wannan?" Ya kwance gaba ɗaya ya sake ɗaurewa, har da sa haƙori wajen jan ƙullin. Karo na uku da suka haɗu bai ko tsaya ba. Ya ce su yi ta haɗuwa, shi dai ya sauke wannan jidali ya tafi gida.

Mai gadin maƙabartar Bahaushe ne, wani dattijo da ake kira Tsoho, iyayensa sun zo ta Sudan tun yana goye. Wada ya same shi a bakin ƙofa yana hura gawayi zai dafa shayi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Da ya ji Hausa a bakin dattijon, har ransa ya yi sanyi.

Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo hannu.

"Waraga."

"Wace waraga, Baba?"

"Takardar ofis mana. Ba a rufe kowa a nan sai da ita."

"Baba, ƙasusuwa ne. Sun fi shekara ɗari, ƙila sun fi ɗari biyar. Wa zai rubuta musu takarda?"

"Ofis zai rubuta. Ka je bukra, gobe ke nan, da safe, ka nuna igamarka, su buga maka hatimi."

Wada ya dubi ƙasa. Tsoho ya dube shi, ya gane, ya ci gaba da fifita gawayinsa.

"To mai aikin naku ya je."

"Ya tafi gida. Cewa ya yi kada ya wayi gari ya gan su, in ya gan su in nemi wani aikin."

"Ni ma in aka wayi gari aka ga sabon kabari babu waraga, wani aikin zan nema. Da tsufana."

"To in kai su ina? In shiga da su gari? Ɗan sanda ya tare ni da ƙashin mutane a buhu, ba takarda a aljihuna, me zan ce masa?"

"Wannan kuma tsakaninka da Allah, ɗan nan."

Tun safe Wada bai ci komai ba sai gutsuren gurasa. Ya roƙa da Allah, ya roƙa da Annabi, ya roƙa da zumuncin harshe. Rana tana ta gangarawa bayan duwatsu. Sai da shayin ya tafasa Tsoho ya yi ajiyar zuciya.

"Akwai rami ɗaya da aka tona da safe, masu gawar suka canza shawara suka kai ta wani wuri. Da waragarsa a hannuna. Mutum ɗaya zan iya sawa a ciki in yi shiru."

"Alhamdu lillahi. To a sa su duka, ai tare na same su."

"Namiji da mace? Ka halarci ɗaurin aurensu?"

"Baba, ƙashi ne fa!"

"Waragar ta namiji ce, mutum ɗaya. Kawo namijin. Ita ka mayar da ita inda kuke aiki ka ɓoye, bukra Allah ya kawo mafita. Kuma ba za ta kwana mini a nan ba, ana zagayowa dubawa da sassafe."

Babu yadda Wada bai yi ba. Ƙarshe ya sauke buhun dama, na namijin. Da ya ɗaga shi daga kan jakin, wani abu ya yi ƙara a cikin ɗaya buhun. Siririyar ƙara. Cirin.

Munduwar ce, ya ce a ransa. Girgiza ce ta motsa ta.

Suka sa buhun a rami yadda yake, suka jera duwatsu, suka tura ƙasa. Kafin su gama an kira magariba, kiran yana zuwa daga can cikin gari, sama-sama. Suka yi salla su biyu a bakin ƙofa. Tsoho bai ko ce ya tsaya ya sha shayi ba. Ya shige ɗakinsa ya ja ƙyaure, Wada ya ji ya sa sakata.

Ya ɗora buhun da ya rage a tsakiyar bayan jaki, ya ɗaure, suka juya.

Sauran haske ja ne kawai a kan duwatsu. Cikin kwarin ya riga ya yi duhu-duhu. Zafin yini yana fitowa daga jikin duwatsun kamar daga bakin tanda. Ba iska. Ba tsuntsu. Sai ƙarar kofaton jaki a kan tsakuwa, da takalmin Wada na taya.

Yana tafe yana faɗa shi kaɗai. Ya zagi Mu'allim, ya zagi cikin Issoufou, ya zagi waraga da wanda ya ƙago ta. Ya ce shekara shida ya yi yana taka ƙasa don ya zo ɗakin Allah, ga shi ya ƙare a dakon ƙashin mutanen rediyo.

Jaki ya tsaya.

Ya taɓa shi da sanda. Bai motsa ba. Ya buga. Jakin ya baje ƙafafu, bayansa ya lanƙwasa kamar an ɗora masa buhun siminti biyar. Numfashinsa na fita da ƙyar.

Wada ya zagayo ya kama igiyar wuyansa ya ja. A nan ya ji ƙanshin.

Wardi. Ruwan wardi irin na Ɗa'ifa, wanda ake yayyafa wa amare. Mai ƙarfi, kamar an fasa kwalba a gabansa. A ƙarƙashin ƙanshin kuma akwai wani wari, na ƙasar rijiya jiƙaƙƙiya. A kwarin da ya shekara bai ga ruwa ba.

Cirin.

Jakin a tsaye yake cak. Babu abin da ya girgiza buhun.

Cirin. Cirin.

Wada ya yi a'uziyya. Ya fara Ayatul Kursiyyu, bai kai tsakiya ba jakin ya yi wani irin kuka da bai taɓa ji daga bakin dabba ba, ya daka tsalle, igiya ta tsinke, buhun ya faɗo. Kafin ya miƙa hannu jakin ya ɓace a duhu. Yana jin kofatonsa yana nisa, yana nisa, har ya daina ji.

Saura shi da buhu a tsakiyar hanya.

Zuciyarsa ta ce ya bi jakin. Ya ma ɗaga ƙafa. Sai ya tuna safiya. Makiyayi zai tsinci buhun, a kira 'yan sanda, a ga tambarin siminti a jikinsa, a zo wurin aiki, Mu'allim ya nuna shi da yatsa. Daga nan sai Jidda, sai jirgin ruwan da ake mayar da marasa takarda gida. Yalwa kuma tana can Hindawiyya, ba wanda zai ko gaya mata inda aka kai shi.

Kuma ko ba komai, 'yar mutane ce a ciki. Ba a yar da ita a hanya kamar mushe ba.

"Ke kuma ki yi haƙuri," ya ce. "Ba ni na so haka ba."

Ya ɗaga buhun. Ba nauyi ko kaɗan. Ya goya shi a baya, ya zagayo da guntun igiyar ta ƙirjinsa ya ƙulle, ya kama tafiya da sauri.

Taku ashirin. Talatin.

Buhun ya fara ɗumi.

Da farko ya ce zafin bayansa ne. Amma ɗumin ya yi taushi. Inda ɗazu ƙashi ke tsikararsa, yanzu ba ya jin tsini ko ɗaya. Abin da ke bayansa ya kwanta luf, ya bi shacin jikinsa. Kuma yana ƙara nauyi da kowane taku.

Wani abu ya hura masa iska a bayan kunne.

"Wenu?"

Raɗa ce, muryar mace. Wannan kalmar Wada ya san ta. Ina yake?

Ya ƙara sauri. Gumi na shiga idonsa. Ya koma kan ayar, harshensa ya yi nauyi, kalmomin suka riƙa zame masa.

"Wenu?"

Can baya, ta wajen maƙabarta, dutse ya gangaro ya bugi wani dutse.

Ya tsaya. Shiru.

Ya ci gaba. Sai ga taku. Ba nasa ba. Dogon taku, a hankali, na wanda ya saba tafiya gaban raƙumi. Ƙasa na zuba daga jikin mai takun, yana jin zubarta, shaa, shaa.

Wari ya iso kafin mai shi. Gumin raƙumi, da tsohon jini.

Abin da ke bayansa ya motsa. Ya ji gwiwoyi biyu sun matse masa kwiɓi. Ƙararrawa ta kaɗa daidai cinyarsa.

"Malam."

Muryar Yalwa ce. Hausar Haɗeja, da yadda take jan kalmar in tana son ya saurare ta.

"Malam, ina ka kai shi?"

"Ba ni ba ne," ya ce. Shi ma raɗa yake yi. "Wallahi cewa na yi a sa ku tare. Waraga ce babu."

"Ina ka kai shi?"

"Na roƙa. Allah ya gani na roƙa."

"Kai ka buɗe mana hannu."

Ya yunƙura zai ruga. Buhun ya ja shi baya. Ya tura gaba da dukan ƙarfinsa, takalmansa suka riƙa zamewa a kan tsakuwa. Baya ake jansa, wajen takun.

Igiyar ta zame daga ƙirjinsa ta hau wuya.

Ya cusa hannun hagu tsakaninta da maƙoshinsa. Wasu yatsu suka fito ta kan kafaɗarsa suka sarƙe da nasa. Sanyi ƙalau. Huɗu ne. Gurbin na biyar guntu ne mai kaifi.

Takun ya tsaya.

Wada bai so ya waiga ba. Juya shi aka yi.

Mai takun yana tsaye kamar taku goma daga gare shi. Dogo, ya fi ƙofar masallaci tsawo. Duhu ne a cikin duhu, sai farar ƙasar kabari da ke kan kafaɗunsa. Ba fuska. Inda ya kamata fuska ta kasance, ana hango taurarin farko ta ciki.

Ba Wada yake kallo ba. Abin da ke bayan Wada yake kallo.

Ya miƙo hannu. Ya tako.

A nan Wada ya gane. Ba za su zagaye shi ba. Ita tana baya, shi yana gaba, ƙirjin Wada ne kaɗai ya rage a tsakani.

Yatsun suka fara buɗe nasa. Babban yatsa. Ta lanƙwasa shi baya, a hankali.

Taku bakwai.

Manuni.

Igiya ta ci wuyansa. Idonsa ya fara ganin ja.

Taku biyar.

Na tsakiya.

Hannun damansa na lalube a ƙugu. Akwai 'yar wuƙar da yake yanka albasa da ita in za su ci gurasa. Aljihun ya manne da gumi.

Taku uku. Sanyi ya daki fuskarsa.

Na zobe.

Ya kamo ƙotar.

Ƙaramin yatsa.

Ƙas.

Bai ji ihun da ya yi ba. Ya dai ji wuƙar ta ci igiya, ta ci fatar wuyansa, nauyin ya rabu da shi. Ya wurga jikinsa gefe, ya faɗa cikin wani kwazazzabo, kafaɗarsa ta bugi dutse.

Wani abu ya wuce ta inda yake tsaye ɗazu. Tsakuwa ta tashi ta zubo masa a ka.

Ƙararrawa ta kaɗa da sauri, cirin-cirin-cirin, irin ta mai gudu.

Sai ajiyar zuciya. Biyu. A lokaci ɗaya.

Shiru.

Ya kwanta fuska a ƙasa, bai san iya daɗewar da ya yi ba. Da ya ga ba abin da ya taɓa shi, ya fara jan ciki ta cikin kwazazzabon. Bai ɗaga kai ba. Ya ja, ya ja, gwiwoyinsa suka saɓule. Sai da ƙanshin wardi ya bar hancinsa ya miƙe.

Ya zuba da gudu.

Ana kiran isha'i ya faɗo cikin hasken fitilar wani mai shayi a gefen Shisha, ba takalmi, riga jina-jina, hannun hagu a rungume. Mutanen da ke zaune suka miƙe. Wani direban tasi Bahaushe, Mukhtaru, ya gane shi, ya sa shi a mota ya kai shi Hindawiyya bai tambaye shi komai ba. Da Yalwa ta buɗe ƙofa ta ce, "Malam!" sai ya ja da baya ya manne da bango. Sai da ta kawo fitila kusa da fuskarta ya yarda ya shiga.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Asibiti sai da takarda, don haka wani maɗori a unguwa ya ɗaure yatsan da tsinken dabino.

Issoufou ya zo duba shi a rana ta uku, shi ya kawo labarin abin da ya biyo baya. Jakin a wurin aiki aka wayi gari aka gan shi, yana ta karkarwa. An tsinci buhu ɗaya a kwarin, bakinsa a ɗaure da ƙullin Wada, ba komai a ciki. A maƙabarta kuma an tarar da wani sabon kabari a buɗe, duwatsun an jera su gefe tsaf, da buhu a ciki, shi ma a ɗaure, shi ma wayam. Ƙasusuwan ba wanda ya sake ganinsu.

Mu'allim ya ce Wada zubar da su ya yi a wani rami don lalaci, ya ji wa kansa ciwo don a tausaya masa. Ya sallame shi. Da aka tambayi Tsoho, ya rantse bai taɓa ganin wani Wada ba, kuma kabarin kuraye ne suka tona. Wada ya ji wannan yana kwance, ya yunƙura zai tashi, ya koma ya kwanta. Ba inda zai kai ƙara. Ko ya kai, da shi za a fara.

Wani malami a unguwar Tandabawi ya saurare shi har ƙarshe, ya ce matattu ba sa tashi sai ranar tashi. Amma kabarin da ya daɗe a daji yakan yi maƙwabta daga cikin aljanu, su saba da masu shi, har su ɗauki muryarsu da damuwarsu. Ya ba shi addu'o'in safe da yamma. Wada ya riƙe su, bai fasa ba ko rana ɗaya.

Yatsan ya warke a karkace. Hannun kuwa bai ƙara ɗumi ba. A tsakiyar zafin Makka, lokacin da kwalta ke narkewa, in ka gaisa da shi ka riƙe hagunsa sai ka ji kamar ka taɓa randa da asuba. Diga ta gagare shi, ya koma sayar da asuwaki a kan tabarma a hanyar Harami.

Masu tallan da ke kusa da shi sun san shi da wata ɗabi'a da ba su san dalilinta ba. A sahun salla kullum can ƙarshe yake tsayawa, kafaɗa ɗaya jikin bango, ko da liman zai yi ta kira a cike gurbi. In mutum biyu na hira a bakin lungu, sai ya tsaya da kayansa a ka har su gama, ko ya koma ya zagaya ta wani lungun. Lokacin aikin hajji ma, da cunkoso ke raba ɗa da uwa, in ya hango miji da mata sun riƙe hannu suna tahowa, tun daga nesa yake naɗe gefen tabarmarsa ya matsa jikin gini, ya sunkuyar da kai, ya jira su wuce.